Abin da Iya Ta Goya

Kowa a gidanmu ya ɗauka abin dariya Iya ta faɗa ranar da ta kalli fim ɗin nan na Rasha. Ba abin dariya ba ne. Shekara da shekaru ana maimaita maganar, a wajen suna, a wajen walima, ranar Sallah in an ci an ƙoshi, daga Upper Marlboro har Takoma Park a nan Amurka, kuma babana ne ke ɗauko ta, shi ne kuma ke fin kowa ƙyaƙyatawa. Duk sun yi kuskure, har da shi.

Bari in faɗi abin kai tsaye, ba na son kewaye-kewaye. Babana yana da yaya mace wadda ta mutu tana jaririya, kuma bai sani ba. Iya, mahaifiyarsa, ba ta gaya masa ba har ta koma ga Allah. Ni ta gaya wa, ina yarinya, a bakin wuta. Wata mai kamawa Baba zai tafi gida, kuma duk duniya mutum ɗaya ta rage da za a iya tambaya: Goggo Tani, ƙanwar Iya, wadda tsufa ya kwantar. In ya je ya dawo bai tambaye ta ba, maganar ta rufe ke nan. Ga shi kuma yana fama da hawan jini. Abin da ke gabana ke nan, in gaya masa ko in bar shi.

Ina aji uku na firamare muka baro Kaduna. Iya ta biyo mu daga baya, lokacin da Mama ta haifi ƙanena Nura, wai ta zo wankan jego ta koma. Ba ta koma ba. Gidanmu na Upper Marlboro yana da murhu a jikin bangon falo, irin na gas, wanda ake danna makunni wuta ta tashi a bayan gilashi. Ranar da Iya ta fara ganinsa ta daɗe a tsaye tana kallo, sannan ta juya wajen babana.

"Wuta ba hayaƙi, ba toka, itacen ma na ƙarya. Habibu, nan ka zo ka zauna?"

Amma ba a jima ba ta mallake wurin. Ta shimfiɗa tabarmar da ta zo da ita, ta miƙe ƙafafu cikin safar Baba, ga carbinta, ga ɗan kwanon goro. Abu ɗaya ta yaba wa ƙasar nan: lokacin sanyi tun la'asar sakaliya duhu ke rufawa. Ba a tatsuniya da rana, kowa ya sani, to ga ƙasar da dare ke zuwa da wuri ya zauna yana jiran mutum. Da an sallame magariba sai in zo in raɓa jikinta, kayan makaranta ma ban cire ba.

Tana da nata buɗin, ba irin na kowa ba. Sai ta ce, "Ga baƙuwa a bakin zaure." Ni kuma in ce, "Ta shigo, an ba ta wuri." In ta gama, sai ta kakkaɓe zaninta da hannu biyu ta ce, "Ƙarya ta tashi, ta koma gidansu." Ba ta taɓa tsallake kakkaɓewar nan ba. Ta ce tatsuniyar da ba a sallama ba, a ɗakin take kwana.

Ni kuwa ba ni da haƙuri, har yau haka nake. Kafin kura ta isa bakin rijiya na ishe ta.

"Sai me? Iya, sai me?"

"Ke Bilki, wa ya biyo ki? Uwar gaggawa. Ranar haihuwarki ma ba ki jira ungozoma ba."

"Ke ce kin cika jan rai, tsohuwa."

"Wace ce tsohuwa? Ni da nake jiran bazawari daga Washington."

Ba ta shiri da talabijin. Ta ce mutanen ciki magana suke kamar ana zuba tsakuwa a kwano, kuma ba ta ga dalilin da za ta zauna ana dariya ba ta san ko da ita ake ba. Da an kunna sai ta tattara carbinta ta hau sama.

Babana a Rasha ya yi karatun injiniya, tun ana kiranta Tarayyar Sobiyet. Ya dawo da takardar digiri, da hular gashi, da wani zazzaɓin siyasa da bai sake shi ba har yau, ko da yake aikinsa a nan duba bututun ruwa ne. Yana da wani kaset ɗin bidiyo da yake ji da shi kamar ɗa: tsohon fim na Rasha, baƙi da fari, tun zamanin da fim ba ya magana. Sai kiɗa, sai rubutu da ke fitowa jefi-jefi da irin harufansu, shi kuma ya karanta da ƙarfi, ya fassara, ya ƙara da nasa. Duk shekara in sanyi ya kankama sai ya kira amininsa Malam Idi, mutumin Damagaram da ke karanta labarai a sashen Hausa na wani gidan rediyo a cikin Washington, su dafa shayi su kalla, su yi ta gardama a kan talakawa.

A sanyin farko da Iya ta yi tare da mu, aka saka kaset ɗin tana zaune a bakin murhu. Ta kama carbi za ta tashi, sai ta tsaya.

"Me ya sa ba sa magana?"

"Haka aka yi shi, Iya. Ba shi da murya."

"Madalla. Yau dai da ni da ku ɗaya muke."

Ta gyara zama. Labarin wasu ma'aikatan jirgin ruwan yaƙi ne da aka ba su nama mai tsutsa. Wani likita mai ɗan tabarau ya duba, tsutsa na motsi a gabansa, ya ce nama lafiya lau. Iya ta tafa hannu ta ce, "Allah ya isa! Shi ya fara ci mana." Suka ƙi cin abincin, manya suka sa a harbe su, masu harbin suka sauke bindiga, jirgi ya hargitse, aka riƙa jefa manyan cikin teku. Iya har da guɗa ƙasa-ƙasa. Baba kuwa baki har kunne, uwarsa ta shiga jam'iyyarsa.

Sai aka zo matakala. Doguwa ce, mai faɗi, ta taso daga cikin gari har bakin ruwa, cike da mutane suna ɗaga wa jirgin hannu. Sai ga sojoji daga sama, a jere, bindigogi a gaba. Ba fuskokinsu ake nunawa ba, takalmansu ake nunawa, suna saukowa tare, ba sauri. Mutane suka watse suna faɗuwa. Aka harbi wata mata mai keken jariri, ta zame, jikinta ya ture keken, ya kama gangarawa shi kaɗai da jaririn a ciki. Na rufe fuska ina leƙe ta tsakanin yatsu. Mama ta ce innalillahi. Baba ya miƙe tsaye, kullum a nan yake miƙewa.

"Kun gani? Kun ga abin da masu mulki ke yi wa talaka?"

Sai muryar Iya ta fito daga bakin murhu, a kwance, ba hawa ba sauka.

"Matar nan ta yi dabara. A keke ta sa shi."

Ta juya wajen Baba.

"Habibu, ana sayar da irin keken nan a garin nan? Gobe ka saya wa Nura."

Malam Idi ya ƙware da shayi. Da ya samu numfashi ya ce, da ɗan Faransancinsa, "Bon, Hajiya! Mu muna kallon juyin juya hali, ke kina cin kasuwa!" Baba ya yi dariya har da hawaye, har sai da ya dafa bango. Maganar da ake ta yawo da ita ke nan. Abin da ba a haɗawa da shi in ana ba da labarin shi ne, Iya ba ta yi dariya ba. Cewa ta yi a mayar da kaset baya ta ga inda keken ya tsaya. Aka mayar. Ta ce a sake. Aka sake.

"Ba a nuna ba, Iya," in ji Baba. "Ba a nuna ko ya rayu ba."

"To ya rayu," ta ce. Ta tashi ta hau sama, ba ta kalli ƙarshen fim ɗin ba. Duk shekarun da suka biyo baya ma a nan take tashi.

Aka sayi keken. Kuma daga nan na fara lura da abin da matan masallacinmu suka riga ni gani: Iya ba ta goyo. Za ta yi wa Nura wanka, ta gasa masa cibi, ta rungume shi a ƙirji har hannunta ya sage, amma bai taɓa hawa bayanta ba. Kaka guda, Bahaushiya, ta zo daga gida takanas don jariri, ba ta goyo. Wasu suka ce ciwon baya ne. Wasu suka ce Amurka ce ta shige ta da wuri. In Mama ta goya shi tana girki, Iya ba ta cewa komai. Amma ko shara Mama za ta fitar bakin titi da shi a baya, sai Iya ta tare ƙofa.

"A cikin gida ki goya shi har ya yi gemu. Waje kuwa, a gabanki, inda idonki yake."

Mama tana da kawaici. Sai ta kwance shi ta sa a keke.

Fim ɗin kuma ya shiga cikin tatsuniyoyinmu. Iya ta ɗauke shi daga Rasha ta kawo shi gida. Jirgin yaƙi ya koma babban kwalekwale a kogi, likita mai tabarau ya zama wani boka maƙaryaci da kifi ya haɗiye, tsutsotsin ma ta ba su baki suna yi wa juna sannu da aiki. In ta zo kan keken sai ta riƙa buga cinyarta, gangar, gangar, gangar, har ya isa ƙasa ya kife a cinyar wata mai sayar da kifi, ita kuma ta raini yaron ya girma ya zama attajiri mai raƙuma. Kullum haka yake ƙarewa. Ta kakkaɓe zani, ƙarya ta koma gidansu, in tashi in yi aikin makaranta. Na fi son ta a kan duk sauran. Ta keke nake kiranta.

Ina aji biyar aka yi wata dusar ƙanƙara da ta rufe motoci har rufinsu. An kira Baba wajen aiki, bututu sun fashe. Mama ma'aikaciyar jinya ce, hanya ta rufe ta a asibiti. Wutar lantarki ta ɗauke tun da yamma, gidan ya yi shiru irin wanda ban taɓa ji ba, ko ƙugin firij babu. Murhun gas ne kaɗai ke ci. Muka yi magariba a gabansa, Nura ya yi barci a kan tabarma da bargo biyu.

"Iya, ta keke."

 Tana kallon wutar nan da ta saba zagi. Na gaji da jira na ba da amsar tun ba a buɗe ba.

"Ta shigo, an ba ta wuri."

"Wannan ba baƙuwa ba ce," in ji Iya.

Ta ce akwai wata mata a wani gari da jirgin ƙasa ke tsayawa. Mijinta lebura ne a tasha, ita kuma tana da goyon fari, mace, ko zama ba ta fara ba. Wata rana wagunun jirgi ya danne wani lebura aka bar shi a kwance a rana, ba a kai shi asibiti ba har ya cika. Sauran suka ajiye aiki suka zauna a filin tasha, suka ce ba za su tashi ba. Matansu ne ke kai musu abinci. Tashar a kan tudu take, gidajen leburori a ƙasa, tsakaninsu wani dogon gangare da aka yi wa matakala da tsofaffin katakon layin dogo.

Rannan matar ta tuƙa tuwo, ta ɗora kwano a ka, ta goya 'yarta, ta ɗaure da majanyi tamau. Ta kusa kaiwa sama ke nan sai ta ga maza na kwararowa a guje. A bayansu ga wasu a jere da bindigogi.

"Ba gudu suke ba," in ji Iya. "Ba ihu. Tafiya kawai suke, kamar masu shuka."

Matar ta jefar da kwanon ta juya.

"Sai me?"

"Bilki, in kina gudu, me kike juya wa mai bindiga?"

"Baya."

"To me ke bayan?"

 Ba ta jira amsata ba. Ta ce a tsakiyar gangaren matar ta ji kamar an dunƙule hannu an naushe ta tsakanin kafaɗu, ta yi taga-taga amma ba ta faɗi ba. Ta ci gaba da gudu tana gode wa Allah da yarinyar ba ta yi kuka ba, don kada a ji inda suka bi. Ta ji ɗumi na bin bayanta, ta ce a ranta, fitsari ta yi, tsoro ne. Har ta shiga gida tana haki tana dariya, tana cewa mun tsira, mun tsira. Wata tsohuwa maƙwabciyarsu tana tsakar gida. Ta dube ta daga baya ta ce, tsaya, kada ki kwance, zauna tukuna. Mata suka zo suka riƙe mata kai suka hana ta waiwaye. Ta baya suka kwance majanyin.

"Ba ta ga fuskar ba," in ji Iya. "Sun ce gara kada ta gani."

Mijin ya dawo lafiya, ko ƙwarzane babu. Amma zaman bai ƙara daɗi ba, kowa ya kalli ɗan'uwansa sai ya ga gangaren. Ta koma gidan iyayenta a wani gari, daga baya ta yi wani auren, kuma ba wanda ya sake ɗauko maganar.

Duk tsawon labarin nan hannun Iya na hagu yana bayanta. Tana bubbuga ƙugunta a hankali, a hankali, yadda mata ke yi in goyo ya motsa. Ba na jin ta san tana yi.

"Sai me?"

"Sai babu."

"Iya, ba ki kakkaɓe zani ba."

"Jawo wa ƙaninki bargo, ƙafarsa ta fito."

Ba ta kakkaɓe ba. Na kwana ina jin abin a ɗakin, kamar yadda ta ce.

Ban gane a lokacin ba, ina yarinya. Na dai san ban sake neman ta keke ba, ita ma ba ta sake tayawa ba. Sai da na shiga sakandare abin ya haɗu a kaina, kuma ba wani zurfin tunani ne ya haɗa shi ba, suna ne. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, kunya ce, ko a bayan idonsa. Iya kuwa "Habibu!" take ƙwalawa tun daga wannan ƙarshen kanti har wancan, alhali kowa ya san shi ne babba a ɗakinta. Baba har alfahari yake da abin, wai uwarsa wayayyiya ce tun ba a san wayewa ba. Amma ina da ƙawa a Islamiyyar ƙarshen mako, Zulai, da ke yawan zuwa gidanmu. Iya tana son ta, tana ajiye mata alewa, amma ba ta taɓa kiran sunanta ba. Sai "ƙawarki", sai "'yar gidan likita", sai "mai ɗan kunnen nan". Wata rana na tsare ta da wasa.

"Iya, ce Zulai. Ce Zu-lai. Ko bakinki ba ya iyawa?"

Kallon da ta yi mini ban taɓa ganin irinsa a fuskarta ba. Ta ce, "Tashi ki ba ni wuri." Ba ta yi mini magana ba har washegari.

Ni ba mai ajiye abu a ciki ba ce. A shekarata ta ƙarshe a sakandare na same ta a kicin tana yanka kuɓewa, na tambaye ta.

"Iya, matar tashar jirgin nan, ke ce?"

"Miƙo min wancan kwanon."

Na miƙa. "Baba ya sani?"

"Babanki yana son fim ɗinsa."

"Ba abin da na tambaye ki ba ke nan."

"Ba yanzu ba."

"Sai yaushe?"

"Ke dai da sai me, da sai yaushe. Fita, kin tare min haske."

Yaushen bai zo ba. Ciwo ya kama ta a wata bazara, ba ta daɗe ba. A maƙabartar Musulmi ta nan aka binne ta, ƙasar da ta zo yi wa wankan jego. Ranar sadakar uku ma sai da wani ya ɗauko maganar keken don a ɗan saki rai, Baba ya yi murmushi yana share ido ya ce, "Iya ke nan, ba ruwanta da siyasa."

Na yi aure, na koma Alexandria, cikin dogayen benayen nan na West End, can sama. Ina aiki a kantin magani. Na haifi mace, aka sa mata sunan Iya, muna kiranta Ummi. Mama ce ta koya mini goyo, ni kuma na same shi da sauƙi, hannu biyu a sake, aiki na tafiya.

Wata rana da rana tsaka ƙararrawar gobara ta ɗauka a benenmu. In ta ɗauka lif, na'urar hawa bene, ba ya aiki. Na fizgi zani na goya Ummi na fita, na tarar matakala ta cika, kowa na sauka. Ba wata gobara, ashe wani ne ya ƙona kifi. Amma a lokacin ba wanda ya sani. Ina sauka ina jin takalman mutane a bayana, da yawa, suna dukan siminti tare, ba na ganinsu. Ƙararrawa na tsaga kunne. Sai na lura Ummi ba ta kuka. Duk wannan ƙara, ba ta ko motsa ba. Bayana kuma ya yi ɗumi.

Na tsaya cak a kwanar matakala, mutane na ture ni. Na kasa kwance zanin. Na kasa waiwayawa. Na kama hannun wata mata 'yar Habasha da ban taɓa gani ba, na ce mata da Turanci ta duba min 'yata, ta duba min fuskarta. Ta leƙa ta ce barci take, har da miyau. Na zauna a kan matakalar nan, matar ta zauna tare da ni har aka kashe ƙararrawar. Sai a lokacin na ga inda hannuna na hagu yake.

Ni ba malama ba ce, a sakandare na tsaya. Amma na sake kallon fim ɗin ni kaɗai a waya, har ƙarshe, wurin da Iya ba ta taɓa kaiwa ba. Jirgin ya wuce ta tsakiyar sauran jirage ba wanda ya harbe shi, ana ta wurga huluna sama. Nan ne wurin Baba, nan yake tafawa. Ban ce ƙarya ba ne. Sai dai ba wanda ya koma matakalar ya duba waɗanda ke kwance. Baba ya yi rabin rayuwarsa yana miƙewa tsaye saboda jaririn wata Baturiya da aka yi wasan kwaikwayo da shi tun ba a haifi Iya ba. Ita kuwa tana zaune a bayansa a kan tabarma, tana kallon matar da ta samu abin da ita ba ta samu ba: ɗanta yana gabanta, kuma da aka harbe ta, ita aka harba.

Makon jiya na je Upper Marlboro na sami Mama ita kaɗai tana shirya wa Baba tsarabar tafiya. Na ba ta labarin duka, daga tasha har Zulai. Ba ta daina naɗe atamfa ba.

"Tatsuniya ce, Bilki."

"Mama, ba ta kakkaɓe zani ba."

"To sai me? Tsohuwa ta manta."

"Iya ba ta mantuwa. Kin sani."

Ta ajiye atamfar. 

"Ni na wanke ta," ta ce. "Akwai tabo ƙarƙashin kafaɗarta ta dama. Ƙarami, a lotse. Na yi aiki a ɗakin gaggawa, na san abin da ke barin irinsa, harsashi ne. Abin da ya rage masa ƙarfi kafin ya iso ta ne ban sani ba, sai yau."

"Kuma kika yi shiru?"

"Me zan ce masa? Uwarsa tana cikin likkafani. Ki bar mutum da uwarsa yadda ya san ta. Kin san jininsa."

"Yadda ya san ta? Mai cin kasuwa ana harbin mutane?"

"Rage murya."

"Yayarsa ce, Mama. Ko addu'a ba wanda ya taɓa yi mata da sunanta a gidan nan."

 Mama ta ɗauki wata atamfar ta ce in riƙe mata bakin.

Na yi ta juya maganarta, kuma na san tana da gaskiyarta. Zai ji ciwo. Duk dariyar da ya yi a gaban mutane za ta dawo masa ɗaya bayan ɗaya, kuma ba Iya da zai je ya durƙusa wa. Wataƙila ya yi fushi da ni, ya ce na ƙirƙira. Amma Iya ba ta ce kada a faɗa ba, cewa ta yi ba yanzu ba, kuma Goggo Tani ba za ta jira wata tafiyar ba.

Ranar Asabar zan bar Ummi wajen babanta in tafi ni kaɗai. Zan ce wa Mama ta auna masa jini ta ba shi maganinsa tun da safe, ta kuma zauna kusa. Zan jira ya gama karin kumallo. Sannan zan zauna a ƙasa a gabansa, in gaya masa da Hausa, a hankali, ba irin maganata ba. Zan ce, Baba, in ka isa wajen Goggo Tani, kafin ka buɗe mata tsaraba, ka tambaye ta wace ce Zulai, kuma a wane gari aka binne ta. In ya ce in yi shiru, zan jira ya huce in sake faɗa.